Faifan Ƙarshe da Ƙayar Aduwa

Sun ce ba zai sake magana ba. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Gumel ya faɗa, bayan ya leƙa cikinsa da tocila kamar mai duba rijiyar da ta ƙafe. 'Yan kasuwar kayan wuta na Kano sun faɗa, ɗaya daga cikinsu har da dariya, yana tambayata ko daga gidan tarihi na ɗauko shi. Babban yaron gidan nan, wanda ba na kiran sunansa ko da a rubuce, shi ma ya faɗa, sai dai cikin ladabi, kansa a sunkuye. Ban yi mamaki ba, domin tun ranar da garmahon nan ya shigo garin nan mutane suke yanke masa hukunci. A wancan zamani cewa suka yi ba za a taɓa kunna shi ba, tun da babu wuta a unguwarmu. Da wuta ta zo, suka ce fayafayansa za su narke kafin bazara ta fita. Da bazara ta fita ba su narke ba, suka ce malamin makaranta ba zai daɗe yana sauraren ihun turawa ba tare da ya zubar da girmansa ba. Na yi aikina har na kai sufeton makarantu, na ajiye aikin da girmana a hannuna, garmahon kuwa yana nan a sorona. Saboda haka maganar mutane ba ta taɓa hana ni barci ba. Amma a wannan karo an sami mai hukuncin da ba ni da bakin yi masa gardama, shi ne likitan kunne.

Wannan likita ya ɗora mini wani abu a kai mai rufe kunnuwa, ya ce in ɗaga hannu duk sa'ad da na ji ƙara. Na zauna ina jira, hannuna a kan gwiwa, ina tsammanin bai fara ba, ashe har ya kusa gamawa. Da ya gama sai ya zagayo ta hagu, ya sunkuyo, ya ce, “Ranka ya daɗe, na daman ya riga ya rufe. Na hagun ma yana kan hanya, kuma ba ni da abin tsayar da shi. In akwai abin da kake son ji, kada ka bar shi sai baɗi.” Na yi masa godiya yadda aka koya mana yi wa mai ilimi godiya ko da labarinsa mai ɗaci ne. Amma daga Kano har Gumel abu ɗaya nake juyawa a raina. Karatun Alƙur'ani yana cikin ƙirjina, babu mai raba ni da shi sai Wanda ya ba ni. Muryar Hajiya, uwargidana, na haddace ta har ina jin faɗanta tun kafin ta buɗe baki. Abin da ba shi da mazauni a cikina, wanda ba ya rayuwa sai an kunna shi ya cika ɗaki, shi ne kiɗan nan.

Mutanen gari garmaho suke ce masa, ni ma na bi su, alhali ya wuce garmaho nesa. Kashi uku ne. Akwai teburin da faifai yake juyawa a kai, da siririn hannu mai ɗauke da allura. Akwai akwatin ƙarfe mai ƙara ƙarfin sauti, wanda a cikinsa wasu kwalabe suke ja kamar garwashi, kuma ba ya cewa uffan sai ya yi ɗumi. Sa'an nan akwai lasifika biyu na katako mai nauyi, kowacce ta fi turmi tsayi. Yaran yanzu in suka gan shi tambaya suke yi ina ake sa waya. Ba su san an yi zamanin da kiɗa yake da nauyi, sai ƙarti biyu sun kama kafin a matsar da shi ba.

Mu da muka tashi a ƙasar nan, kunne ne ya fara yi mana tarbiyya kafin allo. Da asuba, bayan kiran salla, luguden mata ne yake tashe mu, taɓare uku a turmi ɗaya, babu wadda take karo da 'yar uwarta. Da hantsi kukan guga a bakin rijiya, mai tsawo, domin ruwanmu a nesa yake. Ranar kasuwar Maigatari tun daga bayan gari kake jin gurnanin raƙuma da kalangun mahauta, da yamma kuma sarewar makiyaya tana biye da shanu zuwa ruga. Kowane sauti yana da wurin da yake fitowa, ka san na gabas, ka san na yamma, ko idonka a rufe za ka iya zana garin. A makarantar horon malamai kuwa an koya mana wasu waƙoƙin turawa masu sanyi, muna tsaye a layi, hannu a baya, babu mai motsa ko yatsa. Na fito da yaƙinin cewa duk kiɗan turawa haka yake, kamar kunun da ya kwana.

Ina sabon malami a Maigatari aka kawo wasu turawa masu haƙa rijiyar burtsatse, suka kafa zango a bayan gari, da injin wutarsu. Direbansu wani siririn saurayi ne mai surutu, mutumin hayin iyaka, muna ce masa Ɗan Damagaram. Shi babbar mota kamiyo ce a bakinsa, wutar lantarki kuwa kuran. Wata ranar kasuwa bayan la'asar, maigidansa ya tsallaka iyaka, sai ya tare ni a hanya ya kama hannun rigata.

“Malam, zo ka ji abin da zai tuge maka hular nan.”

Na ce masa ni malami ne, ba ni da lokacin shashanci. Ya ce ai shi ya sa ya zaɓe ni, yana so ya ga yadda malami yake in ya rikice. Ya shigar da ni ɗakin Baturen, ya jawo kujera ya ajiye a tsakiya, ya auna nisanta da lasifika biyun da tafin ƙafarsa.

“Duwatsun murhu nawa ne, malam?”

“Uku.”

“To ga biyu can, kai ne na uku. Kiɗan shi ne tukunyar. In ka goce, ta kife.”

Ya ɗora faifai, ya sauke allura. Na fara jin wani ɗan ƙas-ƙas kamar wuta ta kama kara. Sa'an nan ganguna suka taso daga hagu, suka ratsa ta gabana suka wuce dama, kamar garken shanu yana tsallake hanya, har na janye ƙafafuna. Wata jita mai kaurin murya ta zauna a ƙarƙashin kujerar tana girgiza ta. Mawaƙin ya shigo da murya a dishe, irin ta mutumin da yake kiran ɗan'uwansa daga wancan gefen fadama. Ban fahimci rabin Turancinsa ba, ni da na ci jarrabawar Turanci da yabo. Can sai kowa ya ja baya, aka bar jitar lantarki ita kaɗai. Na san goge, na san kukuma, na san yadda tsirkiya take kuka a hannun gwani. Amma wannan goge ne da aka ba shi huhun bijimi. Ta hau, ta ƙara hawa, ta tsaya a kan murya ɗaya tana karkarwa, har na ji numfashina ya tsaya tare da ita. Da faifan ya ƙare na tarar hulata a hannuna, ban san sa'ad da na cire ta ba. Ɗan Damagaram yana tsugune a bakin ƙofa yana dariya har da hawaye. Ya ce sunan kiɗan rok. Na ce ko me sunansa, ya sake sa shi.

Da aikin turawan ya ƙare, Baturen ba ya son jan kaya mai nauyi, ni kuma ina da sabon babur. Muka yi musaya, ya haɗa mini da fayafayansa duka. Ɗan Damagaram ne ya kawo kayan har ƙofar gidanmu a Gumel cikin kamiyonsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zagaya akwatunan yana dogara sanda, ya ce, “Wato ka ba da abin da yake ɗaukarka, ka karɓi abin da kai za ka riƙa ɗauka.” Bai ƙara ba, sai sharaɗi ɗaya: da ladan ya gyara murya, allura ta tashi. Ban taɓa karya wannan sharaɗi ba, yana raye da bayan ransa. Kayan suka zauna a lulluɓe damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kafin a jawo waya unguwarmu. A wannan tsakani da keke nake zuwa aiki, kuma da aka ba ni duba makarantu, a kan keken nan na san rairayin hanyar Sule Tankarkar, inda tura shi ya fi hawansa yawa, da ƙauyukan Gagarawa inda yara suke rakiyata da waƙar sufeto mai keke. Ban yi da-na-sani ba ko sau ɗaya.

Maganar narkewar fayafayai kuwa mahaifiyata ce ta kashe ta. Da ta ji ina fargabar zafin bazara, sai ta ce in kawo su. Ta naɗe su a tsohon zane, ta hau rumbun ƙasar da muke zuba tsabar gero, ta tura su a tsaye cikin geron har hannunta ya nutse zuwa kafaɗa. Ta ce a nan take ɓoye duk abin da ba ta so rana ta taɓa, gero yana da sanyi a ciki, kuma yana riƙe abu ta kowane gefe ba ya barinsa ya karkace. Haka muka riƙa yi kowace shekara. Da zafi ya kunno kai fayafayai su shiga rumbu, in bar ɗaya ko biyu a soro, da ruwa ya sauka su fito suna ƙamshin gero, a miƙe kamar ranar da aka yi su.

Ranar Asabar bayan la'asar ita ce ranata. In share soro da kaina, in goge faifai da guntun tsohon rawanin mahaifina, in kunna akwatin in jira kwalaben su yi ja, in zauna a gurbin dutse na uku. Ba a magana, ba a cin abinci, ba a shigowa. Hajiya, tana amarya a lokacin, ta sa wa kiɗan suna faɗan kyanwoyi. Takan ce, “Malam, mutanen nan wa ya mutu musu ne suke wannan kururuwa?” Amma na sha lura, in tana daka a tsakar gida, taɓaryarta tana faɗuwa daidai da gangar da take tashi a sorona. Da na faɗa mata sai ta ce Allah ya kiyaye, gangar ce take bin taɓaryarta.

Yanzu fa? Yanzu kiɗa ya zama kamar ƙuda, yana ko'ina, babu mai kula da shi. Yaro yana tafe a kan babur da igiya a kunne, yana ciniki, yana gaisuwa, waƙa tana zuba a kansa bai san farkonta ba balle ƙarshenta. Babu mai share ɗaki domin sauti, babu mai jira abu ya yi ɗumi. Luguden asuba ya tafi, injin niƙa ya gaje shi. Guga ta yi shiru. Gidan nan ma ya canja a kan idona: yara suka rushe ɗakunan ƙasa suka yi na bulo da rufin kwano, gero ya koma zuwa a buhu, rumbun mahaifiyata ya tsage. Sorona kaɗai na hana a taɓa. A bazarar da na kwanta asibiti a Kano aka yi mini aiki, sai suka ga dama ce ta gyara gida kafin in dawo. Suka rushe rumbun, suka tarar da ƙunshin fayafayai a ciki, suka ɗauke shi da girmamawa, suka kwantar da shi a kan kanta a sabon sito, dab da kwano. Da niyyar alheri suka yi, ban taɓa cewa ba haka ba. Da na dawo na kwance zanen, sai ga fayafayaina sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa da rana ta buga, wasu sun manne da juna. Na mayar da zanen na rufe su kamar yadda ake rufe mamaci. Ɗaya kaɗai ya tsira, wanda na bari a kan teburin garmahon a soro, kuma shi ne wanda Ɗan Damagaram ya fara sa mini. Sai dai a cikin sharar da aka yi wa soron, tsumma ya kama allurar ya ɓalle kanta.

Allurar nan ba ta kai ƙwayar gero ba, amma in babu ita duk sauran kayan katako ne da ƙarfe. Na neme ta a hankali da fari, kamar mai sauran lokaci. Bayan maganar likita kuwa na neme ta kamar mai neman ruwa. Babban yaron ya sa aka aiko da wata daga ƙasar waje, ta iso ba ta shiga gurbin ba. Ya sake aikawa, kullum in na tambaya sai ya ce tana hanya. Wata rana ya durƙusa ta hagu ya ce, “Baba, duk waƙoƙin nan fa suna cikin waya, har wannan ɗin.” Ya sa mini igiya a kunne. Na ji wani abu siriri yana motsi a tsakiyar kaina, ba gabas ba yamma, ba shanun da suke tsallake hanya. Na cire na miƙa masa, na sa masa albarka. A lokacin nan kullum safiya da abin da take ɗauke mini. Kukan kurciya ya tafi. Ƙarar buta a kan siminti ta tafi. Kiran salla ma ya zamana Hajiya ce take taɓa kafaɗata. Nakan tashi in tafa hannu kusa da kunnen hagu, in ji ko yana nan, kamar mai duba numfashin majinyaci.

Da abin ya ishe ni na shiga motar haya ranar Alhamis na tafi kasuwar Maigatari, ko Allah zai sa cikin tarkacen da ake kawowa daga hayi a dace. Na bi rumfunan masu tsofaffin rediyo ɗaya bayan ɗaya, ni da ban taɓa roƙon kowa komai ba, ina kwatanta allura da yatsu, yara suna yi mini ihu a kunne suna nuna mini allurar keken ɗinki. Da rana ta karkata na nufi gidan Ɗan Damagaram, wanda ya yi aure a garin tun zamanin rijiyoyin bai koma ba. Na same shi a zaure, ya tsufa ya ƙanƙance, yanar ido ta rufe masa gani. Ya shafa fuskata, ya jawo kunnena na hagu kamar zai tsinke shi.

“Sufeto mai keke! Ni ba na ganinka, kai ba ka jina. In aka haɗa mu a buhu ɗaya a samu mutum guda mai lafiya.”

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Sai ya ce, “Ka manta garmahon da, irin na kantunan kwara Larabawa, wanda ake wana shi da hannu? In allura ta ƙare me muke sa masa muna yara?”

Ban manta ba. Ƙayar aduwa muke fiƙewa. Tunanin nan ya sha zuwa mini, ina korarsa. Na ce masa wancan faifai ne mai kauri kamar marfin tukunya, wannan kuwa layukansa sun fi gashi siranta. Ƙaya za ta yi magana na ɗan lokaci, amma tana tafe tana nome shi, in ta wuce sau ɗaya ba zai sake moruwa ba. Kuma shi kaɗai ya rage mini a duniya. In na yi haƙuri allurar gaskiya tana hanya.

“Tana hanya,” ya ce. “Kunnen naka fa, a zaune yake yana jiranta? Sufeto, faifan nan wa kake ajiye wa? Jikokinka faranti za su yi da shi su zuba gyaɗa.”

Na ce masa bakinsa bai tsufa ba. Ya ce ranar Asabar in share soro.

Ya zo kuwa, a bayan ɗan acaɓa, yana rungume da shi kamar ƙadangare a jikin bishiya. Ya zaro kwalbar turare daga aljihu, cike da busassun ƙayoyin aduwa. Da lalube ya tsinko su, yatsunsa duk sun sha suka. Sai dai shi ba ya gani, ni kuma hannuna yana rawa. Muka zauna da kwalba a tsakaninmu kamar marayu. Hajiya da take leƙenmu daga ƙofa ta ja tsaki, ta shigo ta sa tabarau.

“Ku ba ni nan, tsofaffin banza. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya rufe bakin abin nan, yau ni ce zan sa masa harshe.”

Ta zaɓi ƙaya, ta fere ta da reza, ta goga bakinta a gefen akwatin ashana har ya yi tsinin da ido ba ya kamawa. Ta yanke ɗan kan, ta jiƙa ƙaro ta manna shi a gurbin allurar, ta riƙe da farce har ya bushe. Babban yaron ya jona mana wutar sola, domin ta gari ba ta da alkawari, ya tsaya daga waje. Na goge faifan da guntun rawanin nan. Kwalaben suka yi ja. Na zauna a gurbin dutse na uku, na yi bisimilla, na ce Hajiya ta sauke hannun.

Faifai yana juyawa. Na ga ƙafar Ɗan Damagaram ta fara dukan ƙasa. Na ga Hajiya ta ɗaga gira. Na ga yaron ya leƙo da baki a buɗe. Ni kuwa abin da ya iso gare ni bai wuce kukan sauro a cikin gora ba. Na miƙa hannu na murɗa ƙarfin sautin, na ƙara murɗawa har ƙarshe. Na ga labule yana rawa, na ga ruwan da yake cikin kofi yana karkarwa, na juya kunnen hagu, na tara hannu a bayansa. Babu. Kuma ga wani siririn zare baƙi yana nannaɗowa a bayan ƙayar, faifan yana mutuwa a kan idona, layi bayan layi, kowa a ɗakin yana ji ban da ni. Ban san irin kallon da na yi wa Hajiya ba, amma na ga ta dafe ƙirji.

Ni mutum ne da ban taɓa zama a ƙasa a gaban 'ya'yana ba, ban taɓa fita tsakar gida babu hula ba. Na cire hular na ajiye. Na sauko daga kujera, na rarrafa a kan gwiwoyina zuwa lasifikar hagu, na rungume ta. Na ji tana bugawa a ƙirjina kamar dabba mai rai. Na manna goshi, na manna muƙamuƙi, sautin ya matso amma bai shigo ba. Sai na buɗe baki na kama gefen katakon da haƙorana, na cije.

Suka shigo. Ba ta kunne ba, ta ƙashi. Gangunan suka hau ta haƙora suka cika kaina, jitar nan mai kauri ta sauka har cikin cikina, mawaƙin yana kiran ɗan'uwansa daga ƙetaren fadama, muryarsa ta ƙara dishewa saboda ƙaya, amma shi ne. Yawu yana zuba a kan rigata, ban saki ba. Sai na ji hannu a kafaɗata, irin taɓawar da take yi mini in an kira salla. Hajiya ce ta durƙusa kusa da ni. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta sa bakinta a kunnena ta yi ihu: “Riƙe da kyau, Malam! Kyanwar nan taka yanzu za ta yi kukan!” Ba ta yi kuskure ko da ƙiftawa ba. Kowa ya ja baya, jitar ta taso ita kaɗai, ta hau, ta ƙara hawa, ta tsaya a kan muryar nan tana karkarwa, ni ma ina karkarwa da ita, tsoho a durƙushe da katako a baki. Kafin ta sauko ƙayar ta dakushe, hannun ya zame ya share faifan har tsakiya. Hajiya ta ɗaga shi. Ɗan Damagaram yana share idanunsa marasa gani, bakinsa yana motsi, na tabbata tsiya yake yi mini, amma ban ji ba. Faifan ya yi fari-fari kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Kunnen hagun bai ga ƙarshen damina ba. Allurar gaskiya ta iso da kaka, tana nan a cikin ledarta a kan teburin, ban bari an buɗe ba. Yanzu duniya ta zame mini kamar hoto: bakuna suna motsi, taɓarya tana faɗuwa, ƙofa tana rufuwa, duka ba ƙara. Wani lokaci nakan tashi da kukan jitar nan a kaina, in yi ƙoƙarin riƙe shi, ya zube kamar ruwa a tafin hannu, kuma ina tsoron ranar da zan neme shi in rasa. Na san kuma in na kau mutanen garin nan za su ce ai tun da allurarsa ta karye garmahon Sufeto bai sake magana ba, kamar yadda suka faɗa tun farko. Saboda haka na umarci babban yaron, kuma ina maimaitawa a nan domin kada a ce ban faɗa ba. A gefen lasifikar hagu, daga sama, akwai gurbin haƙora a jikin katako. Kada a goge shi, kada a shafa masa fenti. A sa ƙarfe a wuta, a rubuta a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe: Asabar ta ƙarshe kafin ruwan farko na bana, tsakanin la'asar da magariba, ya yi magana, kuma mai shi ya ji.